Yadda Ake Sayar da Fili ko Gida Mai Rajista a Legas Ba Tare da Ciniki Ya Dawo Maka Ba

Da yawa daga cikin mutanenmu masu gidaje a Agege, Idi-Araba, Mile 12 ko Ikorodu sun ɗauka muddin takardar shaidar mallaka, wato si-of-o, tana cikin akwati, to sayarwa ba ta wuce a yi tayi, a sallama, a ƙirga kuɗi, a miƙa makulli ba. A Legas ba haka abin yake ba. Akwai sharuɗɗan da doka ke cusawa cikin cinikin ko ba a rubuta su ba, ko ma ba wanda ya ambace su a wajen zama. Akwai kuma takunkumin da ke kan filin tun kafin mai saye ya leƙo. Mai sayarwar da bai san su ba yana iya karɓar kuɗinsa ya koma Kano ko Sakkwato, bayan shekara biyu sammaci ya iske shi a ƙofar gida.

Wanda ya zauna gaban malam ya yi babin ciniki ba zai ga baƙon abu a nan ba. An daɗe ana karantar da cewa mai saye na da damar mayar da kaya idan ya gano aibin da aka ɓoye masa, ko da ba a yi wannan sharaɗi da baki ba. Dokar boko ma tana da nata irin, sai dai a kan ƙasa ta fi tsauri, kuma akwai na uku a cikin cinikin da ba ya zama a kan tabarma, shi ne gwamna.

Fara da sanin abin da ke hannunka

Tun ranar 29 ga Maris 1978, lokacin da gwamnatin soja ta Janar Olusegun Obasanjo ta kafa Dokar Amfani da Ƙasa, duk ƙasar da ke cikin jiha ta koma hannun gwamna a matsayin amana. Abin da kake da shi haƙƙin zama ne da amfani, yawanci na shekara 99. Shi kake sayarwa, kuma abin da ya saura daga cikin shekarun kawai. Idan wa'adin ya fara a 1995, mai saye zai ci gaba har 2094, ba za a ƙirga masa sabuwar 99 ba.

Ciro takardar ka ba lauya ya karanta maka ita layi-layi, har da ƙananan rubutun da ido ke tsallakewa. A nan za ka ga me aka ba da filin domin a yi, gidan zama ne ko wurin kasuwanci, da kuɗin ƙasa da za a riƙa biya, da wa'adin da aka ɗiba don a yi gini, da haramcin sayarwa ko jinginarwa ba da amincewar gwamna ba. Sashe na 10 na dokar ya ce ko ba a rubuta ba, ana ɗaukar kowace si-of-o tana ɗauke da alƙawarin biyan kuɗin ƙasa, sashe na 28 kuma ya ba gwamna ikon soke haƙƙin idan aka saɓa sharuɗɗan. Don haka wanda aka ba fili don gidan zama ya mayar da shi sito ko jerin shaguna ba da izini ba, ya sani yana sayar da wuri da laifi a kai, kuma mai saye mai wayo zai rage masa kuɗi a kan haka.

Duba hatimin ofishin rajista da ke jikin takardar. Za ka ga lambobi uku: lamba, shafi, da kundi. Da su ake nemo fayil ɗinka. Rubuta su daban ka ajiye.

Sai kuma ka tabbatar wace hukuma ce ke da hurumi. Gidajen Festac da Gowon Estate na Hukumar Gidaje ta Tarayya ne, ita ake nema. Mowe, Ibafo, Akute da Sango-Ota kuwa, duk da kowa na cewa yana zaune a Legas, ƙasar Ogun ce, takardunsu a Abeokuta ake yin su. Abin da ke biye ya shafi filin da ke ƙarƙashin Jihar Legas ne.

Tambaya mafi muhimmanci a wannan mataki ita ce sunan wa ke cikin rajista. Mutane da yawa sun sayi gida shekaru goma sha da suka wuce, aka ba su si-of-o ɗin mai gidan na farko da rasit da takardar miƙa mallaka, suka naɗe suka ajiye, ba su taɓa zuwa ofishin filaye na jiha da ke Alausa ba. A idon ofishin filaye wancan mutumin ne har yau mai wurin. Kafin ka sayar sai an nemi amincewar gwamna a kan cinikinka na da, sannan a nemi ta sabon, a biya kuɗi sau biyu. Idan mai gidan na farko ya rasu ko ya ɓace, aikin ya ƙara tsawo.

Yi wa kanka bincike kafin a yi maka

Dokar Rajistar Filaye ta Jihar Legas ta 2015, wadda aka sa wa hannu a zamanin Gwamna Babatunde Fashola, ta haɗe tsofaffin dokokin rajista wuri guda, ta kuma tanadi adana bayanan filaye a kwamfuta. Lauyan mai saye zai je ofishin rajista da ke Alausa, Ikeja, ya yi bincike. Ni a ganina gara ka riga shi. Kuɗin bai taka kara ya karya ba idan aka kwatanta da kunyar a gano abu bayan ka karɓi kafin alƙalami ka kashe.

Abubuwan da ke fitowa sanannu ne. Na farko jingina. Idan ka taɓa ajiye takardar a banki ka ci bashi, ko da ka gama biya tun tuni, jinginar na nan a rubuce sai bankin ya ba da takardar sakin jingina an kuma yi mata rajista. Muddin bashin na nan kuwa, ba ka da ikon sayarwa sai da yardar bankin, kuma yawanci daga kuɗin mai saye za a fara biyansa kai tsaye.

Na biyu takardar gargaɗi. Duk wanda ke ganin yana da haƙƙi a filin, ɗan'uwa ne, abokin kasuwanci ne, ko wani da ka taɓa karɓar kuɗinsa cinikin bai kammala ba, yana iya zuwa ya shigar da gargaɗi a fayil ɗin. Daga nan magatakardan filaye ba zai yi rajistar cinikin da ya ci karo da gargaɗin ba sai mai shi ya janye, ko an saurari ɓangarorin an cire, ko kotu ta ba da umarni. Kotu ma da kanta tana iya hana taɓa fili na wani lokaci. Filin da ake shari'a a kansa kuma ba a sayar da shi. Wanda ya saya ana cikin shari'a, duk hukuncin da aka yanke zai hau kansa.

Sai ofishin Babban Safiyo na jiha, wato shugaban masu auna filaye, inda za a ɗora taswirar filinka a kan taswirar gwamnati a ga ko ya faɗa cikin wurin da gwamnati ta karɓe, ko hanyar ruwa, ko ƙarƙashin manyan wayoyin lantarki, ko layin bututun mai. Wanda ya ga rusau ɗin da aka yi a 2024 saboda titin gaɓar teku na Legas zuwa Kalaba ya san dalilin da masu saye suka daina wasa da wannan. Ka kuma biya bashin harajin gidaje na shekara-shekara, ka haɗa rasit-rasit ɗin, don za a tambaya.

Wa ya kamata ya sa hannu

A nan ne cinikin mutanenmu ya fi lalacewa, musamman gidan gado. Mahaifi ya rasu, an kira malamai sun raba gado yadda shari'a ta tanada, kowa ya yarda a sayar da gidan Agege a raba kuɗin, sai babban ɗa ya sa hannu a madadin kowa. A wajen iyali an gama magana. A Alausa ba a ma fara ba. Legas ba ta da kotun shari'ar Musulunci ta gwamnati irin ta Kano ko Zamfara, kuma abin da ofishin filaye ke nema shi ne takardar ikon kula da dukiyar mamaci daga sashen gado na Babbar Kotun Jihar Legas, ko takardar tabbatar da wasiyya. Waɗanda sunayensu ke cikin wannan takarda su ne za su sa hannu, kuma dukkansu, ba ɗaya ba. Rabon malamai na nan daram, shi za a bi wajen raba kuɗin, amma shi kaɗai ba ya sauya suna a rajista. Ku fara neman takardar tun kafin ku nemi mai saye, domin tana cin watanni.

Filin dangi irin na Yarabawa yana da tasa ƙa'idar, wadda kotu ta kafa tun shari'ar Ekpendu da Erika a 1959. Idan 'yan dangi suka sayar ba tare da shugaban dangi ba, cinikin banza ne tun daga tushe. Idan shugaban ya sayar da sunan dangi ba tare da yardar manyansu ba, suna iya zuwa kotu su warware. Wannan ya shafe ka idan asalin filinka daga hannun omo-onile, wato 'ya'yan dangin masu asalin ƙasar, ya fito, domin Kotun Ƙoli ta ce a shari'ar Ogunleye da Oni ta 1990 si-of-o ba ta wanke tushen da ya lalace. Idan wanda ya sayar maka ba shi da haƙƙi, takardar gwamna ba za ta ƙirƙiro shi ba.

Gidan da aka saya da suna biyu, sai su biyun. Na kamfani, sai da shawarar daraktoci a rubuce, kuma za a bincika a Hukumar Rajistar Kamfanoni ko an jinginar da kadarorinsa. Wanda ke Arewa ko Saudiyya ya wakilta wani, ya ba da takardar wakilci da ta ambaci sayarwa ƙarara, a yi mata rajista. Wata dabara da dillalai ke tallatawa ita ce a ba mai saye takardar wakilci kawai a maimakon ta miƙa mallaka, wai don a guje wa kuɗin gwamna. Kotun Ƙoli ta faɗa a shari'ar Ude da Nwara ta 1993 cewa wakilci ba ya miƙa mallaka. Sunanka zai ci gaba da zama a kan gidan, da harajinsa da rigimarsa.

Shi ma mai saye akwai iyaka a kansa. Sashe na 7 na Dokar Amfani da Ƙasa ya hana gwamna amincewa da miƙa fili ga wanda bai kai shekara 21 ba sai ta hannun waliyyi ko amintacce, don haka Alhajin da ke son saya wa ƙaramin ɗansa sai a tsara takardar a haka. Wanda ba ɗan Najeriya ba kuma, ko da ɗan'uwanmu ne na Maraɗi ko Kumasi da ya shekara talatin a Alaba Rago, Legas na da doka ta musamman kan mallakar fili ga baƙi, wadda ke buƙatar izinin gwamna a rubuce.

Yarjejeniyar ciniki da abin da ba a rubuta ba

Cinikin ƙasa mai rajista sai da rubutu. Amma ɗan guntun rasit mai ɗauke da sunayenku, da bayanin filin, da farashi, da sa hannunka ya isa ya ɗaure ka. Irin wannan takarda da ba ta faɗi komai ba ita ce mafi haɗari ga mai sayarwa, domin duk gurbin da kuka bari doka ce za ta cike shi.

Ga yadda take cikewa. An ɗauka ka yi alƙawarin nuna sahihiyar mallaka, da takardun da ke tabbatar da ita. An ɗauka za a kammala cikin lokacin da hankali zai ɗauka. An ɗauka za ka miƙa wurin babu kowa a ciki. An kuma ɗora maka bayyana duk wani ɓoyayyen aibi da ya shafi mallakar, kamar jingina, shari'a, notis na gwamnati, ko haƙƙin wani da mai saye ba zai iya gani da ido ba. Abin da ke fili kuwa, bango mai tsaga, rufi mai yoyo, hanyar da maƙwabta suka daɗe suna bi ta gefen gidan, wannan na mai saye ne ya duba, kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Amma idan ya tambaye ka ko ruwa na shiga da damina ka ce a'a alhali ka san ana kwashe shi da bokiti, ƙaryar ta buɗe masa ƙofar warware ciniki.

Maganar miƙa gida babu kowa ita ce ta fi kama mutane, don da wuya ka sami gida a Agege ko Mushin da babu 'yan haya. Sayar da gida ba ya korar ɗan haya. Dokar Haya ta Legas ta 2011 ta ba mai biya shekara-shekara notis na wata shida, mai biya wata-wata notis na wata ɗaya, idan ba wata yarjejeniya daban, sannan a ƙara na kwana bakwai kafin a je kotu. Ba ta aiki a Apapa, Ikoyi, Victoria Island da unguwar GRA ta Ikeja, amma can ma ba a fitar da mutum da ƙarfi. Idan ka yi shiru, ka ɗauki nauyin fitar da su kafin ranar kammalawa. Mafita ita ce a rubuta ƙarara cewa an sayar da 'yan haya a ciki, a jera ɗakunan, da ranar da kuɗin kowa zai ƙare, da yadda za a yi da hayar da ka riga ka karɓa.

Daga ranar da aka ƙulla yarjejeniya, gidan ya zama kamar amana a hannunka. Dole ka kula da shi, ba ka cire ƙofofi da tankin ruwa, ba ka kuma sayar wa wani don ya zo da ƙarin miliyan biyar. Kotu na iya tilasta maka kammalawa da na farko, kuma Dokar Kare Kadarori ta 2016, wadda Gwamna Akinwunmi Ambode ya sa wa hannu don maganin 'yan ƙwacen fili, ta mayar da sayar da wuri ɗaya sau biyu laifin da ake ɗaure mutum a kai. A ɗaya ɓangaren, idan gobara ta tashi bayan an ƙulla yarjejeniya ba da sakacinka ba, asarar a kan mai saye take sai in an rubuta akasin haka. Kai ma kana da haƙƙin riƙe takardu da makulli har sai an cika maka kuɗinka.

Kafin alƙalami yawanci kashi 10 cikin ɗari ne. A dokar boko, idan mai saye ya fasa ba dalili, mai sayarwa na iya cinye shi, amma abin da aka rubuta da sunan wani ɓangare na farashi ana mayarwa. Malaman Malikiyya ba su yarda a cinye irin wannan kuɗi ba, saboda haka wanda ke son tsayawa kan mazhaba ya sa a rubuta za a mayar. Ku kuma faɗi wa zai riƙe kuɗin kafin kammalawa. Biya kuwa ta banki: dokar hana halasta kuɗin haram ta 2022 ta hana mutum biya ko karɓar tsabar da ta wuce naira miliyan 5, kamfani miliyan 10, ba ta hanyar banki ba. A bar buhun kuɗi a kasuwa.

Takardar miƙa mallaka

Lauya ne ke rubuta ta, da sunansa da hatiminsa a jiki, yawanci lauyan mai saye, naka kuma ya duba. Kada ku yi tarayya a lauya ɗaya don rage kuɗi.

A cikinta nemi inda aka ce kana miƙawa "as beneficial owner", wato a matsayin mai cikakken haƙƙi. Legas har yau tana aiki da dokar miƙa kadara ta Ingila ta 1881, kuma a ƙarƙashinta waɗannan kalmomi kaɗai sun ɗora maka alƙawura ko ba a jera su ba: kana da ikon miƙawa, mai saye zai zauna lafiya ba tare da kai ko wani ta hanyarka ya dame shi ba, babu wani nauyi a kan wurin sai wanda aka bayyana, kuma duk lokacin da ya buƙaci ƙarin sa hannu don gyara takardunsa za ka yi, shi ya ɗauki kuɗin. Idan haƙƙin na wa'adi ne, an ƙara da cewa yana nan da ransa, an biya kuɗin ƙasa, an cika sharuɗɗa. Waɗannan alƙawura ba sa ƙarewa ranar da aka miƙa makulli.

Masu sayar da gidan gado su lura sosai. Mai kula da dukiyar mamaci ko amintacce idan ya miƙa da wannan matsayin nasa, alƙawari ɗaya ne a kansa, cewa shi da kansa bai ɗora wa wurin wani nauyi ba. Idan ya bari aka rubuta shi a matsayin mai cikakken haƙƙi, ya ɗauki abin da ba nasa ba ne ya ɗauka.

Dattijon da karatunsa na allo da ajami ne, kada ya ji nauyin faɗa. Lauya zai ƙara bayani a ƙarshen takardar cewa an karanta masa, an fassara masa da Hausa, ya fahimta kafin ya dangwala yatsa, tafinta ya rubuta sunansa ya sa hannu, a gaban majistare ko wanda doka ta ba ikon shaida. Idan aka ce, "Alhaji, ka gamsu?" ba laifi ba ne ka ce, "Barista, maimaita min wajen 'yan haya." Tafintan ya zama naka, ba dillali ba, don dillali la'adarsa yake jira.

Amincewar gwamna da rajista

Sashe na 22 na Dokar Amfani da Ƙasa ya hana sayarwa, jinginarwa ko miƙa fili ba da amincewar gwamna ba, sashe na 26 ya ce abin da aka yi saɓanin haka banza ne. A shari'ar bankin Savannah da Ajilo ta 1989, banki ya karɓi jinginar gida a nan Legas ba tare da amincewar ba, da ya tashi sayarwa Kotun Ƙoli ta ce jinginar ba ta da ƙafa, duk da mai gidan ya mallake shi tun kafin 1978. A 1995, a shari'ar Awojugbagbe da Chinukwe, kotun ta sassauta da cewa ba laifi a ƙulla yarjejeniya a sa hannu kafin a nema, sai dai cinikin bai cika ba sai an samu. A doka mai sayarwa ne ya kamata ya nema. A al'adar Legas mai saye ne ke bi yana biya. Ku rubuta wanda zai yi, da lokacin da zai shigar.

Ana cike fom mai suna 1C, ku biyun ku sa hannu a yi rantsuwa, a haɗa da kwafin takardar mallaka wanda ofishin rajista ya tabbatar, da kwafe-kwafen takardar miƙa mallaka kowanne da taswirar safiyo, da hotunan wurin, da katin shaida, da shaidar biyan haraji, da rasit na kuɗin duba taswira. Jami'ai za su ƙiyasta darajar wurin da jadawalinsu, ba da farashin da kuka rubuta ba, shi ya sa rage farashi a takarda ba ya amfanar kowa, sai ma ya cuci mai saye ranar da zai nemi a mayar masa da kuɗi. A 2015 an rage jimillar kuɗin da ake biyan gwamnati daga kashi 13 zuwa kashi 3 cikin ɗari: 1.5 na amincewa, 0.5 harajin riba, 0.5 kuɗin hatimi, 0.5 na rajista. A wannan lissafi gidan da aka ƙiyasta naira miliyan 40 zai ci miliyan 1.2. Ana sabunta jadawalin daraja lokaci-lokaci, don haka takardar ƙiyasin da aka ba ku ita za ku bi, a biya a asusun gwamnati, ba a hannun wani a bakin ƙofa ba.

Bayan an sa hannu a madadin gwamna an buga hatimi, dokar 2015 ta ba da kwana 60 a yi rajista. Wanda ya riga yin rajista shi ke gaba idan aka sami takardu biyu a kan fili ɗaya, saboda haka mai saye kada ya ja ƙafa. Kai mai sayarwa ka riƙe kwafin duk abin da ka sa wa hannu, da shaidar shigar kuɗi, ka bar lambar wayar da za a same ka, domin Alausa na iya dawo da fayil a kan taswira ko bambancin sa hannu. Idan an gama, ka nemi kwafin shafin da ke ɗauke da sabuwar lamba, shafi da kundi, ka kai ofishin harajin gidaje su cire sunanka daga takardar biya ta shekara mai zuwa.